Fela Kuti: Mawaƙin Da Aka Ƙona Wa Gida, Aka Ɗaure, Amma Ya Ƙi Yin Shiru

Yau zan ɗan fitar da mu daga Kano da Kaduna mu leƙa Legas, in ba ku tarihin wani mawaƙi da ya bar duniya tun 1997, wato Fela Anikulapo Kuti. Na san da jin sunan wasu za su ce haba, wannan mashayin wiwin mai yawo da ɗan kamfai? E, shi fa. Ni ma akwai abubuwa da yawa a rayuwarsa da ba na tare da su, kuma zan faɗe su. Amma in ana maganar mawaƙin da ya dubi masu bindiga ya faɗa musu laifinsu gatse-gatse, a ƙasar nan ban ga wanda ya sha azaba a kai kamarsa ba.

An haifi Fela a Abeokuta ranar 15 ga Oktoba, 1938, a gidan 'yan boko masu rufin asiri. Mahaifinsa, Israel Ransome-Kuti, limamin coci ne kuma shugaban makaranta, shi ne ma shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya na farko. Mahaifiyarsa Funmilayo kuwa ita ce ta jagoranci matan kasuwar Abeokuta suka yi bore a kan harajin da aka ɗora wa mata, har sai da sarkin garin, Alake, ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Kun ga ke nan barewa ba za ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba.

Sai dai da farko babu alamar hakan a tare da shi. A 1958 aka tura shi Landan, 'yan uwansa Olikoye da Beko duk likitoci suka zama, shi kuwa ya shige makarantar koyon kiɗa ta Trinity ya kama busa. Da ya dawo a 1963 ya yi aiki a gidan rediyon gwamnati, yana kuma wasa da ƙungiyarsa Koola Lobitos. Waƙoƙinsa na lokacin na rawa ne da nishaɗi, babu ruwansa da gwamnati.

Tafiyar da ya yi Amurka a 1969 ce ta sauya shi. A birnin Los Angeles ya haɗu da wata matashiya, Sandra Smith, mai fafutukar 'yancin baƙar fata. Ita ta ba shi littattafai, ciki har da tarihin Malcolm X, ta kuma matsa masa da tambayar me waƙarsa ke amfana wa mutanensa. Da ya dawo gida a 1970 sai ya sauya wa ƙungiyarsa suna, ta zama Africa 70, shi da makaɗin gangarsa Tony Allen suka ƙera salon da duniya ta sani da Afrobeat. Ya kuma koma yin yawancin waƙoƙinsa da Turancin buroka, don ɗan dako a Legas da direban mota a Accra duk su gane abin da yake faɗa.

A nan nake so mu lura da wani abu. Mu Hausawa mun san zambo, mun san habaici. Mawaƙin fada yakan yi wa abokin gabar ubangidansa zambo, amma yana da inuwar da zai fake in rana ta yi zafi. Mai habaici kuma yakan sakaya, in an tare shi ya ce ai ban kama suna ba. Fela ba shi da ubangida, kuma ba ya sakayawa. A gidan rawarsa da ake kira Shrine, yakan tsayar da kiɗa ya yi ta zayyano sunayen manya da abin da yake zarginsu da shi. Har fili yake saye a jaridu ya rubuta ra'ayinsa. Gidansa da ke unguwar Mushin kuwa ya zagaye shi da waya, ya raɗa masa suna Jamhuriyar Kalakuta, ya ce ƙasa ce mai cin gashin kanta. A ciki akwai ɗakin ɗaukar waƙa da ɗan asibitin da ƙanensa Beko ke kula da shi. Ku tuna fa, zamanin mulkin soja ne.

Tun 1974 'yan sanda suka fara kai masa samame suna kama shi. Duk kamun da aka yi masa, in ya fito sai ya mayar da shi waƙa. Daga baya ma ya yar da sunan Ransome, ya ce sunan bayi ne, ya ɗauki Anikulapo, wanda a Yarabanci ke nufin mai ɗauke da mutuwa a aljihunsa.

Sai aka zo 1976, ya saki Zombie. A waƙar ya kamanta sojoji da gawar da ake juyawa, ba ta tunani, ba ta motsi sai an ba ta umarni. Waƙar ta karɓu ƙwarai, har yara a titi suna tsokanar sojoji da kalmar. A farkon 1977 kuma Najeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, wanda har hawan daba aka yi a Kaduna dominsa. Fela ya ƙi shiga, ya ce almubazzaranci ne da cin hanci. Kullum dare yana Shrine yana caccakar gwamnatin Janar Obasanjo, baƙin mawaƙan da suka zo bikin kuma suna tururuwa wurinsa.

Kwanaki kaɗan da rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairu, 1977, sojoji kusan dubu suka yi wa Kalakuta ƙawanya. Suka yi wa Fela dukan kawo wuƙa, suka raunata Beko, suka ci zarafin matan gidan. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara 76, aka wurgo ta ta tagar bene. Sannan aka cinna wa gidan wuta. Kayan kiɗa da faya-fayan waƙoƙi duk suka ƙone, har da sautin wani fim na tarihin rayuwarsa da yake haɗawa, The Black President, wanda a dalilin haka bai taɓa fitowa ba. Duk wanda ya san wahalar haɗa fim ya san zafin wannan asarar. Funmilayo ba ta sake samun lafiya ba, ta rasu a watan Afrilun 1978. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce wai wasu sojoji da ba a san ko su waye ba ne suka yi ɓarnar. Ƙarar da iyalan suka shigar ta neman diyya ma ba ta kai ko'ina ba.

To a ganina, daga nan ne ake auna mutumin. Kafin wannan rana ana iya cewa ƙuruciya ce da son suna, bai san zurfin ruwan da yake shiga ba. Bayan ta kuwa ya sani sarai. Ya rasa gida, ya rasa dukiya, ya rasa uwa. Yana da suna a Turai, da ya so da ya tattara ya koma can ya ci gaba da cika aljihu, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Wallahi da yawanmu abin da za mu yi ke nan. Shi kuwa sai ya yi waƙa a kan wannan sojan da aka ce ba a sani ba, ya ba da labarin harin dalla-dalla. A 1979, ana dab da miƙa mulki ga farar hula, ya ɗauki akwatin gawa shi da mutanensa suka kai ƙofar barikin Dodan, fadar gwamnati ta lokacin, a matsayin tunin jinin mahaifiyarsa. A waƙar da ya yi kan wannan ya ambaci Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa da sunayensu. A wata kuma ya haɗa Obasanjo da attajiri M.K.O. Abiola. Ya kafa jam'iyya yana neman shugabancin ƙasa, aka ƙi yi mata rajista.

Da soja suka dawo, zamanin Buhari da Idiagbon, aka kama shi a filin jirgin saman Legas a watan Satumban 1984 yana shirin tafiya wasa Amurka. Tuhumar ita ce fita da kuɗin waje ba bisa ƙa'ida ba, aka yanke masa shekara 5. Ƙungiyar Amnesty International ta ce siyasa ce kawai, ta sa shi cikin jerin waɗanda aka ɗaure saboda ra'ayinsu. Har kurkukun Maiduguri aka kai shi. A watan Afrilun 1986 gwamnatin Babangida ta sake shi. Kun san me? Ita ma gwamnatin da ta sake shi bai raga mata ba. A 1989 kuma ya juya kan mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu da masu ɗaure masa gindi, Reagan na Amurka da Thatcher ta Ingila.

Yanzu bari in cika alƙawari. Fela ya sha wiwi a bainar jama'a yana alfahari da ita. A 1978 ya auri mata 27 a rana ɗaya, daga baya ya sake su. Maganganunsa a kan mata da yawa ba su da daɗin ji, abin mamaki ga ɗan Funmilayo. Ya yi wa addinin Musulunci da na Kirista shaguɓe a waƙa, wannan kam ba zan taɓa goyon baya ba. Makaɗansa sun yi ƙorafin kuɗi, shi kansa Tony Allen ya bar shi. Kuma ba shi kaɗai ya sha wuyar taurin kansa ba, 'yan amshi da masu rawa da yaran gida sun sha duka tare da shi, yawancinsu ko sunansu ba a tunawa. Amma halinsa bai mayar da abin da aka yi a Kalakuta daidai ba, bai kuma mayar da abin da ya faɗa kan sata da zalunci ƙarya ba.

Ya mutu ranar 2 ga Agusta, 1997, yana da shekara 58, a zamanin Abacha. Wansa Farfesa Olikoye, tsohon ministan lafiya, ya fito gaban 'yan jarida ya ce cutar ƙanjamau ce ta kashe shi, alhali shi Fela bai yarda da cutar ba. A lokacin ko sunanta mutane ba sa son kamawa, iyalai ɓoyewa suke yi. Ni dai ina ganin wannan ma jarumta ce irin ta gidansu. Da aka ajiye gawarsa a dandalin Tafawa Ɓalewa, talakawan Legas suka yi cincirindo har tituna suka toshe. 'Ya'yansa Femi da Seun sun gaji kiɗan, 'yarsa Yeni kuma ta assasa bikin Felabration da ake yi duk watan Oktoba.

Duk kakar zaɓe mukan ga yadda mawaƙanmu ke layi a ƙofar 'yan siyasa. Ban ce kowa ya jawo a ƙona masa gida ba, kowa da iyalinsa, kuma bakin da ya ci shi ke godiya. Amma ranar da aka zalunci mutanen da ke sauraron waƙoƙin nan, suke kunna su a shago da cikin Keke Napep, wa zai buɗe baki ya yi magana a madadinsu? Wane mawaƙin Hausa, na da ko na yanzu, kuke ganin ya taɓa faɗa wa mai mulki gaskiya ya kuma tsaya a kanta da aka matsa masa? Ina jiran sunayen da za ku kawo, in Allah ya yarda a cikinsu zan zaɓi wanda za mu yi tarihinsa nan gaba.