Kwame Nkrumah: yaron da ya taɓa gudun makaranta

Kun san shi da karɓo wa Ghana 'yanci a 1957, amma kun san Kwame Nkrumah da gudun makaranta ya fara? An haife shi a Nkroful a 1909. Mahaifiyarsa Nyaniba ce ta kafe sai ya shiga makarantar cocin Katolika ta Half Assini, garin da babansa ke ƙirar zinariya. Ya gudu, ta mayar da shi.

Can aka yi masa baftisma da sunan Francis. Karatu, addu'a, ladabi, ga bulala, ba wasa. Wani fada Bajamushe, George Fischer, ya ja shi a jiki, ni kuwa a ganina nan ne allurar karatu ta kama shi. Karatun shekara 10 ya gama a 8, har aka ba shi aji. Don ƙanƙanta, sai ya hau akwati hannunsa ke kai allo. Ku ji fa!

Bayan Achimota ya koyar a makarantun Katolika a Elmina da Axim, har ya so zama fada. A 1935 ya wuce Amurka karatu, siyasa ta ɗauke shi. Ya rasu a Romaniya a 1972, shekara 6 bayan juyin mulkin da ya kifar da shi.