Tarihin Sitifen Timoshenko, Mai Lissafin Lanƙwasar Ƙarfe

A wannan makon mun zaɓo muku tarihin wani masani da littattafansa ke jiran duk ɗalibin da ke burin zama injiniya.

An haifi Sitifen Timoshenko a 1878 a wani ƙauye na Yukiren, lokacin tana ƙarƙashin sarkin Rasha. Ya gama karatun injiniya a 1901, daga baya ya zama shehun malami a birnin Kiyef. A 1911 gwamnati ta sallame shi, saboda ya ƙi korar ɗalibai Yahudawa da suka haura adadin da aka ƙayyade. A ganinmu, wannan kaɗai ya isa a tuna da shi. Yaƙin basasar Rasha ya raba shi da gida a 1920, ya isa Amurka a 1922, ya samu aiki a kamfanin Westinghouse.

Kafin mu faɗi abin da ya yi a can, ku tuna ƙarar da kwanon rufin aji ke yi da rana tsaka a watan Afrilu nan Ɗantutture. Zafi ne ke miƙar da shi. Ƙarfe mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yakan ƙara kusan milimita 3 da rabi. Ƙusa kuwa ta danne shi, sai ya yi ta kokawa da ita, ko ya gantsare, ko ya faɗaɗa raminta, damina ta zo a sha yoyo. Haka kuma in fuska ɗaya ta fallen ƙarfe ta fi ɗaya zafi, ita za ta fi miƙewa, dole fallen ya lanƙwashe.

A 1925 Timoshenko ya fitar da lissafin da ke nuna iya lanƙwasar da ƙarafa biyu mabambanta da aka manne za su yi in sun ɗau zafi. Irin wannan ɗan fallen ne ke kashe dutsen guga na lantarki da kansa kafin ya ƙona mana kayan makaranta. A 1940, yana koyarwa a Jami'ar Stanford, ya wallafa babban littafinsa a kan fallayen gini, wanda har yau ana karantawa.

Ya rasu a 1972 a garin Wuppertal na Jamus, wajen 'yarsa, yana da shekara 93.