Carl Edvard Johansson: Maƙerin da ya ɗaure awon ƙarfe da digiri 20

An haifi Carl Edvard Johansson a ƙasar Suwidin ranar 15 ga Maris, 1864. Yana matashi ya tafi ci-rani Amurka, daga baya ya koma gida ya kama aiki a masana'antar bindigogi ta garin Eskilstuna.

A nan ne a 1896 ya ƙirƙiro wasu ƙananan tubalan ƙarfe da ake harhaɗawa don gwada ingancin kayan awo. Keken ɗinkin matarsa ya mayar injin goge ƙarfe, ya yi na farko da shi. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1901.

Babbar matsalar aikin ita ce zafi. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yakan miƙe da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Shi ya sa Johansson ya tsayar da digiri 20 don awon tubalansa, kuma a 1931 hukumar awo ta duniya ta amince da hakan. Daga 1923 ya yi aiki da Henry Ford a Amurka, ya rasu a Eskilstuna ranar 30 ga Satumba, 1943.

Wannan ƙa'ida ta shafi masu injin sassaƙa ƙarfe a unguwar masana'antu ta Gamkalley da ke Yamai, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Sandar injin da ke juyawa tana ɗaukar zafi ta miƙe, awo ya kauce, abin da aka sassaƙa ya ƙi zama a gurbinsa. Maganin shi ne a bar injin ya ɗumama kafin aiki, a riƙa zuba ruwan sanyayawa, a auna ƙarfe bayan ya huce.