Johann Sebastian Bach: Makaɗin Fada da Kyautar da Ba a Amsa ba

Ranar 6 ga Nuwamba 1717, Wilhelm Ernst, sarkin Weimar, ya sa aka kulle ɗaya daga cikin makaɗansa a gidan kaso. Laifin makaɗin shi ne ya nace sai an sallame shi, domin wata fada ta yi masa tayin aiki. Bai fito ba sai ranar 2 ga Disamba, da takardar sallama marar yabo a hannunsa. Wannan fursuna shi ne Johann Sebastian Bach. A wancan zamani, wanda masana kiɗan Turai ke kira Barok, Jamus tarin ƙananan masarautu ce, kowane sarki yana riƙe da makaɗansa kamar yadda yake riƙe da dawakinsa, kuma bara ba ya barin ubangida sai da izini.

An haifi Bach a garin Eisenach a shekarar 1685, cikin zuri'ar da ta gaji kiɗa kaka da kakanni. Sunan nasu a Jamusanci yana nufin ƙorama, kuma sautin ƙarshensa ya fi kusa da harafin Larabci da ke farkon kalmar khairi. Kafin ya cika shekara goma ya rasa uwa da uba, yayansa ya ɗauke shi ya koya masa sana'a. Ya fara suna da kaɗa ogan, babban abin kiɗan majami'a mai bututun iska, sannan ya shiga fadar Weimar a 1708.

A Weimar ne kiɗan Italiya ya canja masa hannu. Wajen 1713 takardun kiɗan Antonio Vivaldi, mutumin Banis, suka iso fadar, Bach ya zauna yana juya su zuwa ogan da kilabsan, wato kakan piyano. Da haka ya ƙware a koncerto, salon da makaɗi ɗaya ko ƴan kaɗan ke musayar zance da sauran ƙungiya, su yi gaba, ƙungiya ta dawo da amshinta. Kalmar kanta abin sha'awa ce ga mai nazarin harshe: a Italiyanci tushenta yana nufin daidaitawa, a Latin kuwa yana nufin jayayya, kuma duk wanda ya saurari koncerto zai ji ma'anonin biyu suna aiki tare. Da shugaban makaɗan Weimar ya rasu a 1716, aka tsallake Bach aka naɗa ɗan marigayin. Wannan ne ya sa ya nemi tafiya.

Fadar da ta karɓe shi ita ce ta Köthen. Yarima Leopold saurayi ne mai kaɗa goge da kansa, kuma ya kwaso gwanayen makaɗa daga Barlin bayan da sarkin Prusiya ya rushe ƙungiyar fadarsa a 1713. Ɗariƙar Kalbin da yariman ke bi ba ta son kiɗa mai yawa a majami'a, saboda haka Bach ya juya ga kiɗan fada zalla. Shekarun sun yi masa daɗi har zuwa Yulin 1720, lokacin da ya dawo daga rakiyar yarima zuwa Karlsbad ya tarar an riga an binne matarsa, Maria Barbara.

Watanni bayan wannan rashi, ya zaɓi koncerto shida daga ayyukansa, ya kwafe su da hannunsa cikin tsabta, ya aika wa Christian Ludwig, basaraken Brandenburg kuma baffan sarkin Prusiya. Takardar sadaukarwar tana ɗauke da ranar 24 ga Maris 1721. Da Faransanci ya rubuta ta, harshen fadodin Jamus na lokacin, cike da ƙanƙan da kai irin na mai neman ubangida: Bajamushe yana miƙa wa Bajamushe kiɗa mai salon Italiya cikin harshen Faransa.

Abin da ke cikin kundin ya fi takardar ƙarfin hali nesa ba kusa ba. Babu biyu daga cikin shidan da suka yi tarayya a kayan kiɗa. A na biyu ya haɗa kakaki da sarewa da algaita da goge, ya sa su magana kafaɗa da kafaɗa, alhali kakaki zai iya danne sarewa da busa ɗaya. A na shida ya cire ƙananan gogunan da suka saba jan gaba, ya bar masu kaurin murya su yi mulki. Na biyar ya fi duka ban mamaki. Kilabsan, wanda aikinsa a ƙungiya shi ne rakiya daga baya, yana ta kutsowa sannu a hankali har sauran su yi shiru, ya yi wajen minti uku yana kiɗa shi kaɗai. Da wuya mutum ya ji wannan wuri bai tuna da baran da aka kulle a Weimar ba, ko da yake bayani mafi sauƙi shi ne fadar Köthen ta sayi sabon kilabsan daga Barlin a 1719, kuma Bach ne ya je ɗauko shi.

Tarihi bai adana wata amsa daga basaraken ba, ko lada, ko godiya. A 1723 Bach ya bar fada ya koma Leipzig, yana koyar da yara yana shirya waƙoƙin majami'a, aikin da ya samu bayan Telemann da Graupner sun janye. Amma bai yar da kayan fada ba. Ya ɗauko farkon koncerto na ɗaya a 1726, da farkon na uku a 1729, ya mai da su sinfoniya, wadda a zamaninsa take nufin kiɗan buɗe fage kafin mawaƙa su fara. Bai kuma daina neman inuwar sarauta ba, har sai da sarkin Saksoni ya ba shi laƙabin mai tsara kiɗan fada a 1736.

Ya rasu ranar 28 ga Yuli 1750, bayan aikin ido sau biyu da ya bar shi makaho. Kundin koncerto shidan ya yi ta wucewa daga ma'ajiya zuwa ma'ajiya har aka gano shi a Barlin a 1849, aka buga shi a 1850. Daga baya Philipp Spitta, marubucin tarihin Bach, ya laƙaba musu sunan Brandenburg, sunan da ake kiransu da shi har yau.