André Citroën: Mai motocin da suka iso Bangui a 1925, wanda giyar otomatik ta ba wa kunya

A titin Koudoukou da ke unguwar Kilomita Biyar a Bangui, gardamar giyar hannu da giyar otomatik ba ta ƙarewa tsakanin direbobi da masu sayar da kayan mota. Matasa na son otomatik domin ba ruwansu da taka kuloci cikin cunkoso. Manya kuma na cewa ranar da ta lalace mai ita zai san inda kuɗinsa suka tafi, tunda ba kowane bakanike ke iya buɗe ta ba. Wannan gardama ta girmi duk masu yin ta. An yi ta a wata masana'anta a birnin Paris a 1934, kuma wanda ya tsaya kai da fata a ɓangaren otomatik shi ne mai masana'antar, André Citroën, mutumin da motocinsa suka ratsa ƙasar Hausa har suka iso Bangui tun 1925.

An haife shi a Paris ranar 5 ga Fabrairun 1878. Mahaifinsa Bayahude ne daga Holand, mai fataucin lu'ulu'u, mahaifiyarsa kuma 'yar Poland. Sunan gidan nasu ma daga lemun tsami ya samo asali a harshen Holand. Yana ɗan shekara 6 mahaifin ya kashe kansa bayan wata asarar kasuwanci. André ya shiga babbar makarantar injiniyoyi ta Polytechnique a 1898. A 1900 ya je ziyarar dangin uwa a Poland, inda ya ga wani irin haƙorin inji mai siffar harafin V, wanda ke juyawa ba ƙara kuma yana ɗaukar nauyi. Ya sayi haƙƙin ƙera shi, ya buɗe ƙaramar masana'anta. Haƙoran nan biyu su ne tambarin da ke gaban kowace Citroën har yau, wato arzikinsa daga giya ya fara.

Daga 1908 ya riƙe kamfanin motoci na Mors, a 1912 kuma ya je Amurka ya ga yadda Henry Ford ke harhaɗa mota a jere. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ba shi damar gwada abin da ya gano: ya gina masana'anta a Javel, bakin kogin Seine, wadda ta ƙera harsasan igwa fiye da miliyan 20. Da yaƙi ya ƙare ya juya ta zuwa mota. A 1919 ya fitar da Type A, motar farko a Turai da aka ƙera da yawa a jere irin na Ford. Kafin shekara 10 ya zama babban mai ƙera mota a Faransa.

Abin mamaki, shi kansa bai damu da tuƙi ba, yawanci tuƙa shi ake yi. Gwanintarsa na wajen talla. Daga 1925 zuwa 1934 sunansa ne ke haskawa a jikin hasumiyar Eiffel da ƙwayayen lantarki 250,000. Babbar tallar da ya yi kuwa a Afirka ya yi ta. A Disamban 1922 motocinsa 5, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, suka tashi daga Touggourt a Aljeriya suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairun 1923. Sai ya shirya wadda ta fi ta, wadda Faransawa ke kira Croisière Noire. Motoci 8 ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil suka bar Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoban 1924, suka gangaro kogin Kwara zuwa Yamai, suka bi ta Tasawa da Damagaram, suka kewaya tafkin Chadi zuwa Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, suka shigo Bangui a Janairun 1925. Daga nan suka tsallaka Kwango, tafiyar ta ƙare a Madagaska a watan Yuni.

Fim ɗin da Léon Poirier ya ɗauka a tafiyar ya cika gidajen sinima a 1926. Ya nuna jarumtar direbobi da ƙarfin inji, amma bai tsaya kan waɗanda suka share hanyar ba. A Ubangi-Shari, Afirka ta Tsakiya ta yau, motocin sun samu hanyoyin da gwamna Auguste Lamblin ya sa aka yi da aikin tilas, a kurmin Kwango kuma dubban mutane ne suka sare daji kafin ayarin ya iso. Citroën bai taka ƙafarsa cikin wannan tafiya ba. Yana Paris yana karɓar saƙonni yana rarraba wa jaridu.

Kuɗi kuwa ba sa zama a hannunsa. An san shi da caca a Deauville, kuma haka yake tafiyar da kamfani: abin da ya shigo, da wanda bai shigo ba tukuna, duk sai ya zuba a sabon aiki. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta iso Faransa, ciniki ya ja baya, amma a 1933 ya rushe masana'antar Javel ya sake gina ta cikin 'yan watanni, ya yi walimar buɗewa da baƙi kusan 6,000. Duk da bashi aka yi. Abin da yake sa ran zai biya bashin mota ɗaya ce da ba ta ma fito ba.

Motar ita ce Traction Avant. A Maris 1933 ya ɗauki injiniya André Lefèbvre, ya haɗa shi da mai zane Flaminio Bertoni, ya ba su ɗan lokacin da ba a taɓa ƙera sabuwar mota a cikinsa ba. Tayoyin gaba ne za su ja motar. Jikinta zai zama ƙarfe guda ba tare da shasi daban ba, don ta yi sauƙi ta kuma kwanta ƙasa ta riƙe kwana. Birki na mai. A kan wannan duka Citroën ya ƙara sharaɗinsa na kansa: kada direba ya taɓa canja giya.

Wanda ya sa masa wannan buri shi ne Dimitri Sensaud de Lavaud, mai ƙirƙira da ya yi suna tun yana Brazil, inda ya tashi da jirgin sama da ya ƙera da kansa a Osasco a 1910, ya kuma yi arziki da dabarar zuba bututun ƙarfe. Na'urarsa ta dogara ne da mai. Injin na juya wata fanka cikin rufaffen akwati, fankar na watsa mai da ƙarfi kan wata fanka ta biyu, ita kuma ta juya tayoyi. Babu ƙarfen da ya haɗa su, man ne ke ɗaukar ƙarfin. An saka ta a wata babbar motar kamfanin aka zaga da Citroën a shimfiɗaɗɗen titi. Mota na tafiya sumul, ba fizga, ba ƙarar giya. Ga mutumin da ba ya son wahalar tuƙi, magana ta ƙare.

Injiniyoyinsa ba su gamsu ba, kuma dalilinsu a fili yake. Duk lokacin da fanka ta farko ta fi ta biyu sauri, ƙarfin da ya zube tsakaninsu zafi yake zama, kuma man ne ke shan zafin. A miƙaƙƙen titi bambancin kaɗan ne. A hawan tudu da kaya, injin na ihu, tayoyi na jan ciki, man na dahuwa. Ga shi injin sabuwar motar ƙarami ne, doki 32 kacal, ba shi da rarar ƙarfin da zai zubar. (Wanda zai sayi otomatik ta hannu a Bangui ko Maraɗi, zagaye ɗaya a kwalta da sanyin safe ba zai nuna masa wannan ba, sai mota ta yi zafi ta hau tudu.) Amma mai gida ya riga ya yanke hukunci, kuma an zana gaban motar daidai da girman wannan na'ura.

A farkon 1934, saura 'yan makonni a nuna motar ga dillalai, aka fitar da motocin gwaji zuwa tudun Pavé des Gardes a Meudon, kusa da Paris. Man ya yi zafi, motoci suka kasa. A nan Citroën ya sauko. Aka umarci injiniyoyi su ƙera giyar hannu mai hawa 3 da za ta shiga gurbin da aka bar wa otomatik, suka gama cikin makonni kaɗan. An nuna motar ga dillalai a Maris, ga jama'a ranar 18 ga Afrilu, aka fara sayarwa a Mayu kan faran 17,700. Kafin damina ta ƙare a nan yankinmu an ƙara samfurin gudu, 7 Sport, mai injin 1911 cc da ke wuce kilomita 100 a awa, har da mai buɗaɗɗen sama.

Zai zama rashin adalci a ɗora faɗuwar kamfanin kan giyar kaɗai. Bashin Javel ya isa ya kayar da shi. Sai dai watannin da aka ɓata ana lallashin na'urar da injiniyoyi suka san ba za ta yi ba, su ne watannin da ya kamata a gwada sauran sassan. Masu sayen farko ne suka zama 'yan gwaji da kuɗinsu: giya na fashewa, sandunan da ke juya tayoyin gaba na karyewa, jikin mota na tsagewa. Motoci suka riƙa komawa gareji a daidai lokacin da kamfanin ke buƙatar kowane faran.

A ƙarshen 1934 wani ƙaramin mai kawo kaya da ke bin kuɗinsa ya kai ƙara, ranar 21 ga Disamba kotu ta sa kamfanin a hannun masu warware bashi. Michelin, mai yin taya, wanda ya fi kowa bin bashi, ya karɓi ragama a farkon 1935. Citroën ya bar ofishinsa yana fama da ciwon dajin ciki. Ya rasu ranar 3 ga Yulin 1935 yana da shekara 57, aka binne shi a maƙabartar Montparnasse.

Makonni kaɗan bayan rasuwarsa wani direba, François Lecot, ya fara kai da komo da Traction tsakanin Paris da Monte-Carlo, ya cika kilomita 400,000 cikin shekara guda. An gyara kurakuran, motar ta zauna a kasuwa har 1957, an ƙera kusan 760,000. Otomatik da ta yi aiki sosai daga Amurka ta fito a 1939, lokacin da General Motors ya saka Hydra-Matic a motocin Oldsmobile, inda aka haɗa man da giya mai hawa 4 a bayansa don kada nauyin duka ya rataya a kansa. Ita kuwa giyar hannun da aka ƙera cikin gaggawa, masu motocin tsere na Cooper a Ingila suka ɗauke ta suka ƙarfafa ta, saboda siffarta ta dace da motar da injinta ke baya. Da irinta Stirling Moss ya ci tseren Ajantina a 1958, Jack Brabham kuma ya zama zakaran duniya a 1959.