SUN SIMIYAWO: SARKIN MAGANI NA ƘASAR SIN

Gabatarwa

Babu al'ummar da mazajenta ba su nemi maganin tsufa ba, musamman idan ƙarfi ya fara ja da baya, gashi ya yi furfura, sha'awar iyali ta ragu. Daga cikin masanan da suka yi dogon nazari a kan wannan al'amari akwai wani likita na ƙasar Sin mai suna Sun Simiyawo, wanda mutanen ƙasarsa suka yi wa laƙabi da Sarkin Magani. Wannan maƙala za ta dubi rayuwarsa, da abin da ya koyar game da yadda ya kamata namiji ya tarbi tsufa.

Haihuwarsa da Neman Ilminsa

Galibin masana tarihi sun ɗora haihuwarsa a shekarar 581 Miladiyya, a gundumar Huwayuwan, arewa da birnin Cang'an, watau birnin da a yau a ke kira Shi'an. Ya tashi yaro mai yawan laulayi, har dukiyar gidansu ta ƙare wajen biyan masu magani. Wannan wahala ita ce ta cusa masa son ilmin likitanci tun yana matashi. Da ya girma sai ya ƙaurace wa birni ya tare a Dutsen Taibai, yana karatu, yana tattara tsirrai, yana kuma karɓar laƙani daga bakin talakawan ƙauye.

Sunansa ya kai fada. Sarki Taizong na daular Tang ya kira shi ya yi masa tayin sarauta, ya ƙi karɓa. Sarki Gawzong da ya gaje shi ma ya yi tayi, bai karɓa ba. Duk da haka ya zauna a babban birni na wasu shekaru, manyan masana suna ɗaukar karatu a wurinsa, cikinsu har da mawaƙi Lu Jawlin. A shekarar 674 ya nemi izinin komawa dutse saboda rashin lafiya, aka sallame shi da girmamawa.

Littattafansa

Ya bar manyan littattafai biyu, kowanne mai juzu'i 30. Na farko ya kammala shi wajen shekarar 652, ya sa masa sunan da ke nufin laƙanonin da darajarsu ta kai zinariya dubu, domin a ganinsa ran mutum ya fi wannan tsada. Na biyu cikon na farko ne, ya gama shi dab da rasuwarsa. A cikinsu ya gabatar da cututtukan mata da na yara a kan sauran, ya kuma gargaɗi likita da kada ya bambanta mai kuɗi da matalauci. Ya yi maganin maƙoƙo da ciyawar teku, ya yi maganin dundumi da hantar dabbobi, kuma binciken zamani ya tabbatar da amfanin duka biyun.

Koyarwarsa a Kan Tsufan Namiji

Sun ya gāji wata fahimta daga tsohon littafin likitancin Sin mai suna Huwangdi Neijing, wadda ta kasa rayuwar namiji shekara takwas-takwas. A wannan lissafi yaro yana balaga a 16, ƙarfin ƙoda yana fara raguwa a 40, haƙora da gashi su zube a 64. Ƙoda a wurinsu ita ce rumbun ruwan rayuwa, wanda daga gare shi maniyyi ke fita, kuma rumbu ne mai ƙarewa.

A kan wannan ne ya gina shawararsa. Ya ƙayyade wa namiji lokacin fitar da maniyyi gwargwadon shekarunsa: ɗan shekara 20 sau ɗaya a kwana 4, ɗan 30 a kwana 8, ɗan 40 a kwana 16, ɗan 50 a kwana 20, ɗan 60 kuwa ya kame, sai fa idan yana da sauran ƙarfi, to, sau ɗaya a wata. Amma bai yarda da ƙauracewa iyali ɗungum ba, don yana ganin danne sha'awa da ƙarfin tsiya shi ma cuta ya ke haifarwa.

Ya ba da labarin wani dattijo ɗan ƙauye mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda ya zo masa a farkon sarautar Taizong yana murna cewa ƙarfin samartaka ya dawo masa. Sun bai taya shi murna ba. Ya kwatanta masa halinsa da fitilar da manta ya kusa ƙarewa, wadda ta kan yi haske ƙwarai kafin ta mutu, ya shawarce shi ya kame kansa. Bayan kwana arba'in ciwo ya kama dattijon, ya rasu.

Wannan ne ya sa ya tsananta a kan magungunan ƙara kuzari. A zamaninsa masu hali suna shan wani gari da a ke haɗawa da duwatsu iri biyar, har da farar wuta, wanda ke ɗumama jiki ya motsa sha'awa. Sun ya ga irin ɓarnar da garin ya yi, ya nemi duk wanda ya sami takardar haɗinsa ya ƙone ta. Gaskiya ne shi kansa ya yi nazarin haɗa ma'adinai, kuma wasu laƙanoninsa suna ɗauke da su. Sai dai gargaɗinsa ya tabbata bayansa, domin sarakunan Tang da dama sun halaka ta shan maganin dawwama, cikinsu har da Sarki Wuzong a shekarar 846.

Abin da ya fifita shi ne abinci kafin magani. Ya so tsoho ya ci kaɗan-kaɗan, ya rage maiƙo, ya sha madarar shanu, ya yi ɗan tattaki bayan cin abinci, ya riƙa motsa jiki ba tare da ya jigata ba. Bugu da ƙari, ya lura cewa wanda ya wuce hamsin ya kan yi mantuwa, barcinsa ya ragu, fushinsa ya yi kusa, saboda haka ya ja hankalin 'ya'ya su gane halin tsufa ne, su yi haƙuri da iyayensu.

Kammalawa

Likitocin yau sun jingina raguwar ƙarfin namiji ga wani sinadari mai suna testosteron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa, ba ƙoda ba, kuma yana raguwa sannu a hankali yayin da shekaru ke tafiya. Ƙayyade kwanakin da Sun ya yi bai sami gindin zama a likitancin zamani ba. Amma shawararsa a kan abinci, da motsa jiki, da gudun magungunan da ke zaburar da jiki su bar shi da lahani, har yanzu tana nan daram. Ya rasu a shekarar 682 yana da kimanin shekara ɗari, bayan ya yi wasiyya a binne shi ba tare da almubazzaranci ba. Dutsen da ke kusa da mahaifarsa a yau sunansa Dutsen Sarkin Magani, kuma a can aka sassaƙa wasu laƙanoninsa a jikin allunan dutse don masu ziyara su kwafa.