Glover Allen, Masanin Jemagu Da Dabbobin Teku

An haifi Glover Morrill Allen ran 8 ga watan Fabrairu, 1879, a garin Walpole da ke Jihar New Hampshire ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa limamin Kirista ne. Tun yana ƙarami Allah ya ɗora masa sha'awar tsuntsaye da namun daji, har ya zamana duk abin da ya gani a dawa sai ya rubuta shi, da ranar da ya gan shi, da wurin. Wannan ɗabi'a ita ce ta zama tushen aikinsa har ƙarshen ransa.

Ya shiga Jami'ar Harvard, ya sami digirin farko cikin 1901, sa'an nan ya sami digirin dokta cikin 1904, bayan ya yi bincike a kan yadda ɓeraye ke gadon launin gashi daga iyayensu. Ya daɗe yana kula da ɗakin littattafan wata ƙungiyar masana halittu ta birnin Boston. Daga 1924 ya fara koyarwa a Harvard, aka kuma danƙa masa kula da sashen dabbobi masu shayarwa a gidan adana halittu na jami'ar.

Babban aikinsa a kan dabbobin teku ya fito cikin 1916. Ya shafi manyan dabbobin nan da Turawa ke kira wel, waɗanda suka yi kama da kifi, amma iska suke shaƙa, suna haihuwa, suna kuma shayar da 'ya'yansu nono. Mutanen gaɓar arewa maso gabashin Amurka sun yi shekara da shekaru suna kashe su domin mai, wanda ake kunna fitila da shi. Allen ya bi tsofaffin jaridu da tarihin garuruwa, ya tattara labarin inda aka kama kowace dabba da shekarar da aka kama ta. Da aka jera waɗannan bayanai sai ya fito fili cewa irin da a da ake samu kusa da gaɓa da yawa ya zama sai an daɗe ba a ga ɗaya ba.

Bai tsaya ga takardu kaɗai ba. Ya yi tafiye-tafiye zuwa Gabashin Afirka da bakin kogin Nilu, yana cikin ayarin masanan Harvard da suka je Laberiya cikin 1926, ya kuma je Ostareliya cikin 1931. Daga abin da ya gani da wanda ya karanta ne ya shirya jerin sunayen dabbobi masu shayarwa na Afirka duka, aka buga cikin 1939, masana kuwa suka daɗe suna dogara da shi.

A wannan shekara ce kuma ya fitar da littafinsa a kan jemagu, wanda ya fi ɗaukaka sunansa. Jemage dabba ce da mutane da yawa ke ƙyama ko tsoro, amma Allen ya bayyana abincinsa, da ƙaurarsa, da dogon barcin da wasu ke yi lokacin sanyi, da camfe-camfen da al'ummomi suka jingina masa. Wasu jemagu ƙwari suke ci, saboda haka suna rage wa manomi ɓarna, wasu kuwa 'ya'yan itace suke ci suna watsa irinsu a daji. A daidai wannan lokaci wani ɗalibin Harvard, Donald Griffin, da abokan aikinsa suka tabbatar cewa jemage na fitar da ƙara wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, yana gane hanya cikin duhu ta amsa-kuwwarta.

Littafinsa na ƙarshe, na 1942, ya ƙunshi dabbobin nahiyar Amurka da na teku waɗanda suka ƙare ko suke gab da ƙarewa. Cikinsu akwai saniyar tekun nan, 'yar uwar ayu na kogin Binuwai, wadda Turawa suka fara gani cikin 1741, amma kafin 1768 ta wuce mafarauta sun gama da ita.

Allen ya rasu ran 14 ga watan Fabrairu, 1942, yana da shekara 63. Bayan rasuwarsa abin da ya ji tsoro ya ci gaba da aukuwa, amma an kuma ɗauki mataki. An kafa hukumar ƙasashen duniya mai kula da farautar wel cikin 1946, aka dakatar da farautarsu don ciniki daga 1986. Duk da haka, irin da aka fi kashewa a gaɓar ƙasarsu yau bai kai 400 ba, wata cuta kuwa ta hallaka miliyoyin jemagu a Amurka tun daga 2006.

Masu ƙoƙarin ceton waɗannan dabbobi sukan koma ga rubuce-rubucen Allen don su san yadda abin yake a da. Ba a iya sanin yawan abin da aka rasa sai in an sami wanda ya ƙidaya shi tun yana nan, shi kuwa wannan aiki ya yi shekara arba'in yana yi.